A auna kafin a kwance: kira kan fitilun gargaɗi na tsofaffin motocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina gani a garejojin Damagaram, wanda yake cinye dukiyar masu motoci, wani lokaci ma ya jefa rayuka cikin haɗari, alhali maganinsa bai fi ƙarfin kowane direba mai natsuwa ba. Maganar ita ce ta ƙananan fitilun nan ja da rawaya da ke cikin allon gaban direba, wanda a nan muke kira tablo, ƴan'uwanmu na Kano kuma su ce dashbod, da kuma yadda ya kamata a bi sawun matsalar wuta idan ɗayarsu ta kama. Na shafe shekaru ina koyar da matasa aikin lantarki kafin in yi ritaya, kuma motar da nake hawa har yau ta girmi autana, saboda haka abin da zan faɗa na koyi rabinsa a aji, rabinsa kuma a inuwar dogon yaro da sifana a hannu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a makon jiya na shiga wata Hiace daga Damagaram zuwa Magarya, aka girmama furfurata aka ba ni gidan gaba. Tun kafin mu bar gari idona ya faɗa kan wani guntun baƙin salatif da aka manna a kan gilashin tablo. Na tambayi direban, yaro ne mai ladabi, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, wutar nan tun da maigidana ya sayi motar take kunne, haskenta ne ke damuna da dare." Na ɗaga gefen salatif ɗin da farce, sai ga jar fitilar birki. Mu goma sha tara ne a cikin motar, ban da buhunan da ke sama.

Ban ga laifin yaron shi kaɗai ba, domin haka ya taso ya iske. Yawancin motocin da ke yawo a Birni da Zango da Sabon Gari sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano, da yawa cikinsu sun haura shekara 20, wasu ma 30. Sai kuma suka zo ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga kowace kafa, ruwan damina ke kwanciya a cikin mahaɗar wayoyi, ramukan hanya kuma suna jijjiga duk abin da aka ɗaure da noti. Robar da ke jikin waya takan bushe ta tsage, kawunan wayoyi su yi tsatsa, ɓera ya ƙarasa abin da rana ta rage. A irin wannan mota, fitila tana iya kamawa saboda abin da take gadi ya lalace da gaske, tana kuma iya kamawa saboda hanyar da saƙon ke bi ce ta lalace. Dukan aikin mai gyara shi ne ya rarrabe waɗannan biyun, kuma a nan ne na ga ana barin jaki ana dukan taiki.

Bari in kawo misali daga gidanmu. Ɗan ƙanena yana da wata Corolla ƙirar ƙarshen shekarun 1990, wadda bara ta fara wani hali mai ɗaure kai: da rana lafiya lau, amma da ya kunna manyan fitilu da dare sai allurar zafi ta hau, wasu fitilun tablo su riƙa yin wani ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, da safe kuma inji ya juya da ƙyar. Mai gyara na farko ya ce zafi ne, ya wanke lagireto, ya cire abin da ke daidaita zafin ruwa ya jefar. Na biyu ya ce batir ne, aka sayi sabo. Na uku ya ce altanato ne, wato na'urar da ke caja batir, aka aika Kano aka kawo na hannu. Sai da kuɗin da ya kashe ya haura jika 100 na sefa sannan ya kawo mini motar, yana cewa, "Baffa, ni dai na gaji, ko sayar da ita zan yi." Na ɗora tsinken mitar awon wuta ɗaya a kan batir na gefen mas, wato kan da ke haɗe da ƙarfen mota, ɗayan a jikin inji, na ce ya tayar. Mita ta nuna an yi asarar fiye da bolt 1 tsakanin wurare biyu da ya kamata su zama kamar ƙarfe guda. Muka leƙa ƙasa, sai ga kakkaurar wayar da ke haɗa inji da gangar mota tana riƙe da ƴan silla uku ko huɗu, sauran duk sun tsinke sun yi kore. Wayar da muka sa a madadinta ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba, kuma tun ranar allurar zafi ba ta sake motsi don an kunna fitila ba.

Dalilin abin ba boyayye ba ne ga wanda ya san yadda wuta ke tafiya a mota. Kowace fitila da kowace na'ura waya ɗaya ce ke kawo mata wuta, komawar kuma ta jikin ƙarfen mota take bi, wannan hanyar komawa ita ce makanikanmu ke kira mas. Idan mas ya yi rauni, wutar da ta rasa babbar hanya sai ta nemi ɓarauniya, ta ratsa ƙwan fitilar da ba ruwanta da zancen, ko ta bi ta na'urar da ke auna zafin ruwa ta sa allura yin ƙarya. Na taɓa ganin wayar totur ta yi zafi har robarta ta narke, saboda ita kaɗai ta rage wa kik hanyar komawa. Don haka duk lokacin da fitilu da yawa suka rikice tare, ko wata ta kama idan an taka birki ko an kunna sigina, mas ne abin fara tuhuma, kuma gwajinsa bai wuce minti biyu ba: asarar da ke tsakanin batir da jikin inji lokacin tayarwa bai kamata ta wuce bolt 0.2 zuwa 0.3 ba.

Amma kafin a kai ga mita akwai gwajin da ba ya buƙatar ko dala ɗaya, wanda na lura ko tsofaffin direbobi ba su damu da shi ba. Idan aka murɗa makulli zuwa kontak ba tare da an tayar da inji ba, dukan fitilun gargaɗi ya kamata su kama, domin masu ƙera motar sun tsara haka ne don direba ya tabbatar ƙwayayen suna da rai. Ta baƙin mai da ta batir za su zauna kunne har sai inji ya tashi, ta ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki, da ta jakar iska mai kare mutum a haɗari kuma sukan mutu da kansu bayan ƴan daƙiƙu, kowace da nata lokacin. Fitilar da ba ta kama ba a wannan lokaci ta fi ba ni tsoro a kan wadda ta ƙi mutuwa, domin ko ƙwanta ya ƙone, ko wani ya cire shi da gangan. Ina jan hankalin masu sayen motar hannu musamman, saboda akwai masu sayarwa marasa tsoron Allah da ke zare ƙwan, ko su haɗa wayarsa da ta fitilar baƙin mai don su kama tare su mutu tare. Wanda ya ga dukan fitilu sun mutu a ƙiftawar ido guda daidai lokacin da inji ya tashi, ya kamata ya nemi a buɗe masa bayan tablo kafin ya ƙirga kuɗi.

Fitilar da ta fi kowace shan fassarar kuskure ita ce mai hoton batir, kuma hoton ne ke ruɗin mutane, domin ba lafiyar batir take bayarwa ba, labarin caji take bayarwa. A tsofaffin motocin Turai irin su Mercedes 190 da Golf, ƙwan yana tsaye ne tsakanin wuta biyu, ta wannan gefe wutar batir da ta biyo ta kontak, ta wancan gefe wutar da altanato ke haifarwa. Idan inji yana kashe, gefe ɗaya ne ke da ƙarfi, sai wuta ta ratsa ƙwan ya kama, da zarar altanato ya fara aiki kuma ƙarfin gefen biyu ya daidaita, sai ya mutu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƴar wutar nan da ke ratsa ƙwan ita ce ke tayar da maganaɗisun altanato tun farko, kamar yadda ake ɗebo garwashi a maƙwabta a hura murhu. Saboda haka a irin waɗannan motoci, ƙwan da ya ƙone ko aka zare na iya hana caji gaba ɗaya, ko ya sa altanato ya ƙi farawa sai an taka totur da ƙarfi. Na sha ganin an kwance altanato mai lafiya an kai shi wajen masu naɗi, alhali ƙwan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ne ya mutu a bayan tablo.

Yadda fitilar ke kamawa ma magana ce. Idan ta kama da cikakken haske mota tana tafiya, a tsaya a duba fanbel kafin komai, domin a motoci da yawa shi ne kuma ke juya famfon ruwa, wanda ya ci gaba da tafiya yana cewa batir zai kai shi gida na iya isa da inji a dafe. A tsofaffin injinan gazuwal, wato dizal, na Hilux da Hiace, famfon da ke tsotse iska don sauƙaƙa taka birki a bayan altanato yake, don haka idan altanato ya daina juyawa, birki ma zai yi tauri bayan an taka sau kaɗan. Idan fitilar tana ƙyaftawa, tana zuwa tana tafiya, sau da yawa ƴan gawayin da ke gogar cikin altanato ne suka cinye, ko fanbel ya saki yana zamewa, ko soket ɗin bayan altanato ya yi datti. Idan kuwa ja-ja kawai take yi wanda sai da dare ake gani, a tuhumi diyod ɗaya daga cikin masu mayar da wutar altanato irin ta batir, ko tsatsa a wata mahaɗa. Sannan a motocin Toyota da Nissan da yawa, idan caji ya tsaya, fitilar birki takan kama tare da ta batir, a masu gazuwal ma har da ta matatar mai, saboda da wannan layi ɗaya ake gwada ƙwayayensu. Direban da ya ga uku sun kama lokaci guda a hanyar Tanut kada ya zaci abubuwa uku ne suka lalace a daƙiƙa ɗaya, ya fara da altanato.

A nan ne zan yi ƙorafi a kan wata ɗabi'a da ta zama kamar gado a garejojinmu, wato cire kan batir inji yana aiki don a ga ko altanato yana caji. In inji bai mutu ba sai a ce lafiya, in ya mutu a ce a sayo wani. Wannan gwaji ya samo asali ne tun zamanin da babu komai mai laushi a cikin mota, amma a motar da ke da ƙwaƙwalwa ganganci ne tsantsa. Batir, ban da ajiyar wuta, shi ne ke shanye duk wani tsalle da ƙarfin wuta ke yi, kuma idan aka cire shi altanato yana tsakar caji, ƙarfin na iya haurawa ninki biyu ko fiye na ɗan ƙanƙanin lokaci, wanda ya isa ya ƙona diyod, ko na'urar daidaita caji, ko ƙwaƙwalwar motar dungurungum. Abin takaici kuma shi ne gwajin ba ya ma tabbatar da komai, domin inji ba ya buƙatar wuta mai yawa don ya ci gaba da juyawa, altanato mai rabin rai ma zai riƙe shi, sai dare ya yi a kunna fitilu sannan asiri ya tonu. Ina roƙon iyayen gidan gareji, waɗanda da yawansu abokaina ne kuma ina girmama gwanintarsu, su hana yaransu wannan.

Abin da ya kamata ya maye gurbinsa shi ne ƴar mitar awon wuta, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, kuma ana samunta a shagunan kayan lantarki na cikin gari. Lissafin da mutum zai riƙe kaɗan ne. Batir mai ɗakuna 6, wanda ya huta na wasu awoyi bayan an kashe mota, yana nuna kusan bolt 12.6 idan a cike yake, 12.2 na nufin kusan rabi, ƙasa da 12 kuma ya kusa ƙarewa. Lokacin da kik ke juya inji bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. Idan inji ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7, kuma kada ta zube sosai idan aka kunna manyan fitilu da fankar ciki. Idan ta tsaya a 12 da ƴan kai babu caji, idan ta wuce 15 kuwa na'urar daidaitawa ta lalace, batir zai tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitilu su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan a auna a bayan altanato, a kan babban notin da wuta ke fita, a gwada da abin da aka samu a kan batir. In akwai bambancin da ya kai rabin bolt, altanato yana yin aikinsa, hanya ce ke cinye wutar, sai a bi waya da kawunan batir da babban fiyus. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke taruwa a kan batir shi kaɗai ya isa ya jawo wannan, kuma ruwan ɗumi da sanfefa da ɗan giris sun gama da shi. Ga masu batir da ake buɗewa kuma, zafinmu yana shanye ruwansa da sauri, a riƙa dubawa ana ƙara ruwan batir na ainihi, wato tataccen ruwa, ban da na rijiya ko na famfo.

Ita kuwa jar fitilar baƙin mai, mai hoton buta, hukuncinta daban ne, domin ita ce kaɗai zan ce a kashe inji nan take idan ta kama, a yi bincike daga baya. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tunkuɗarsa take aunawa, kuma inji na iya lalacewa cikin ƴan mintoci idan babu shi. Tsarinta mai sauƙi ne a tsofaffin motoci: waya ɗaya ce tal ke zuwa ga wani ɗan makunni da ke ɗaure a jikin inji, wanda ke haɗa wayar da mas idan babu ƙarfin mai, ya sake ta idan mai ya tunkuɗo. Saboda haka idan aka buɗe kontak aka zare wayar daga makunnin, fitilar ya kamata ta mutu, idan aka taɓa wayar da jikin inji ta kama. In an zare amma ba ta mutu ba, wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, wato ƙarya take yi. In ta mutu, saura abu biyu, ko makunnin ya lalace ko da gaske babu ƙarfin mai, kuma hanya ɗaya ta rarrabe su ita ce a kwance makunnin a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa. Wadda ke ƙyaftawa sai inji ya yi zafi yana tsaye, ta mutu idan an taka totur, galibi gaskiya take faɗa game da injin da ya tsufa ko man da ya tsinke, kuma zare wayarta, kamar yadda na ga ana yi, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye.

Ta birki abubuwa biyu take gadi a yawancin tsofaffin motoci, birkin hannu da yawan man da ke cikin ɗan gwangwaninsa. Man yakan sauka a hankali idan takalman birki suna cinyewa, ya sauka da sauri idan akwai yoyo. Makunnin da ke gindin birkin hannu yakan cije da ƙura, abin da ke yawo a kan man kuma yakan maƙale, duka biyun gyaran minti goma ne. Ta matatar gazuwal tana cewa ruwa ya taru a gindin matata, abin da mai sayen mai a kwalabe da jarkokin bakin hanya bai kamata ya yi mamakinsa ba. Wadda aka rubuta T-BELT a motocin gazuwal na Toyota kuwa ba wata lalacewa take gani ba, ƙirgar kilomita take yi, 100,000 ko 150,000 gwargwadon ƙirar, tana tunatar da a sauya bel ɗin da ke daidaita inji.

Ba zan wuce ba sai na taɓa batun fiyus, wanda wasu ke cewa fizibil. Launinsa yana faɗin nauyin da zai ɗauka: ja amfa 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fiyus ba ya ƙonewa don ƙeta, yana mutuwa ne don waya ta rayu, kuma wanda ya sa kore a gurbin ja, ko ya naɗa silin waya ko takardar kwalin taba, ya mayar da wayoyin bayan tablo su ne fiyus. Motoci da dama da aka ce sun kama wuta haka kawai, a nan labarinsu ya fara. Dabarar da nake koya wa ɗalibaina ita ce a haɗa ƙwan fitilar sigina a gurbin fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa. Muddin waya na taɓa ƙarfe ƙwan zai yi haske sosai, sai a bi damin wayoyi ana girgizawa, ana zare soket ɗaya bayan ɗaya, inda hasken ya ragu ko ya mutu nan ɓarnar take. Wuraren da na fi samunta su ne inda waya ke ratsa ƙarfe zuwa cikin mota, da maƙogwaron ƙofa, da duk inda aka yanka aka jona rediyo ko ƙarin fitilu ko abin cajin salula aka murɗe da hannu kawai.

Yanzu kuma an shigo zamanin na'urar kwamfuta, har wasu masu mota sun ɗauka da an jona ta magana ta ƙare. Na'urar tana da amfani ƙwarai, amma tana da iyaka. Soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu esansi, wato fetur, daga 2004 ga masu gazuwal. Tun da yawancin motocinmu daga Turai suka fito, wadda ta girmi waɗannan shekaru tana iya ƙin magana da ƙaramar na'ura ko da tana da soket ɗin, sai a ce wa mai ita ƙwaƙwalwa ta mutu, alhali harshen ne ba ɗaya ba. Tsofaffin Toyota masu esansi ma ba su buƙatar na'ura, akwai ɗan akwati kusa da inji da aka rubuta sunayen ramukansa a murfi, idan aka haɗa TE1 da E1 da guntun waya aka buɗe kontak, rawayar fitilar inji za ta riƙa ƙyaftawa tana ƙirga lambar matsalar. Ƙyaftawa biyu, ɗan shiru, sai wasu biyu, lamba 22 ke nan, layin na'urar da ke jin zafin ruwa. Na ce layin da gangan, domin lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta nuna gidan. Tana iya zama na'urar, ko soket ɗinta, ko wayar, ko mas. Haka ma batir mai rauni yakan sa ƙwaƙwalwa ta tara lambobi barkatai, na ABS da na jakar iska da na inji, kuma wanda ya ga P0562 a cikinsu, wadda ke nufin ƙarancin wuta, ya gyara caji tukuna ya goge sauran ya ga waɗanda za su dawo. Goge lamba ba tare da an rubuta ta ba, ko cire batir don fitila ta mutu, kamar kore mai ba da shaida ne kafin alƙali ya zauna. Idan kuma rawayar fitilar tana ƙyaftawa da kanta mota tana tafiya, inji ne ke tsallake ƙonawa, ɗanyen mai yana zuba cikin matatar hayaƙi ta salansa, a rage gudu a nemi gareji.

Gargaɗi ɗaya ga yaran gareji: wayoyi da soket masu launin rawaya na jakar iska ne, kada a soka musu fitilar gwaji ko tsinken mita, domin ƴar wutar da ke cikinsu na iya tayar da jakar a fuskar mutum. A cire batir a jira ƴan mintoci kafin a taɓa su, kuma sau da yawa soket ɗin ƙarƙashin kujera ne ya saki saboda tura kujera gaba da baya.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta buɗe ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda masu aikin wutar mota za su riƙa bayani da Hausa, domin littattafan da ke zuwa da motocin nan da Faransanci ko Jamusanci suke, in ma ba su ɓace tun a tashar jirgin ruwa ba. Ina kuma kira ga makarantun koyon tuƙi su sa ma'anar fitilun tablo cikin darasi kamar yadda suke koyar da alamomin hanya, ga shugabannin tashoshin mota kuma su riƙa leƙa tablo kafin a fara lodi. Masu mota su ma da nasu laifin, domin mai gyaran da ya ɓata awa biyu yana bin waya har ya gano tsatsa, ya kan sha wuya kafin a biya shi ladansa, ana cewa ai bai sa komai ba, shi kuwa wanda ya kwance ya ɗaura sabon kaya ana miƙa masa kuɗi da godiya.

Da muka isa Magarya na roƙi direban nan ya ba ni minti biyar kafin ya fara neman fasinjan komawa. Makunnin birkin hannu ne ya cije, kamar yadda na zata, shi ya riƙe fitilar kunne tsawon wannan lokaci, kuma da na motsa shi ya saki. Amma da muka sauke birkin hannu fitilar ba ta mutu ba. Muka buɗe gwangwanin man birki, sai ga mai ya sauka ƙasa da layin ƙarshe, muka zagaya muka iske cikin tayar baya ta hagu jiƙe sharkaf. Yaron ya daina dariya, ya ɓare salatif ɗin da hannunsa, ya aika aka sayo masa mai ya cika, ya ce zai kai ta gareji idan an tashi daga kasuwa. Ni dai da yamma a wata motar na dawo Damagaram.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.

Naku,
Tsohon malamin koyar da aikin lantarki,
Unguwar Zango, Damagaram.